Hannayen da Baba Ya Ajiye a Ɗaki

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, mu da gudumarmu da wutarmu. Baba ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, a kan tabarmarsa, bayan ya kurɓi kunu sau uku ya ce ya ishe shi. Ni ce 'yarsa ta fari. Lakwal ɗina, karatun boko ke nan, bai yi nisa ba, rubutu kuma ba sana'ar gidanmu ba ce, amma abin da kunnena ya jiyo a zaman makoki ya hana ni sakat, shi ya sa na nemi takarda.

Mutane sun zo, ba zan ci hakkin kowa ba. Lungunmu na Birni ya cika har masu moto suna kewayawa ta baya. Maƙera sun rufe rumfunansu, dukawan da ke ɗinka masa kube sun zo da jan rini a yatsunsu, mafarauta kuwa tun daga Dogo da Droum da Zermu, wasu a amalanke, wasu a ƙasa. Goggo, ƙanwarsa, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Inna ba ta yi ba. Ta zauna a ƙuryar ɗaki da carbinta, duk wadda ta yi mata gaisuwa sai ta ce, “Ya huta da hayaƙi.” Daga zaure na hango wani tsohon mafarauci ɗan Zermu da ya ƙi shiga rumfa. A bakin maƙera ya zauna, ya ɗora wuƙarsa a cinya yana shafa ƙotar da babban yatsa, tun azahar har aka kira la'asar.

Ana cikin haka, a tsakar gida inda mata suke, wata maƙwabciyarmu ta ɗaga hannu. Matar da shekara da shekaru take aiko da wuƙar girkinta a wasa mata, ko sannu ba ta cika yi ba. Ta ce, “Allah ya jiƙansa, ya kuma yafe masa abin da ke cikin ɗakin can.” Ta nuna ɗakin da ke manne da maƙera da leɓe. Mata suka ce amin. Wallahi amin ɗin nan ya fi maganar ƙona mini rai. Na miƙe, Goggo ta kama zanena ta zaunar da ni, ta ce ba yau ba.

To, yau ne. Ku zauna in gaya muku abin da ke cikin ɗakin can.

Baba maƙerin wuƙar farauta ne, kuma wuƙar farauta aiki biyu ce, akwai ƙarfe akwai ƙota. Ƙarfen, daga tsohon ƙarfen ƙasan mota yake sararsa, ya gasa a gawayin ƙirya, ya buga a kan uwar maƙera har ya fitar da baki da wutsiya, sannan ya shayar da shi, wato ya tsoma shi a ruwa da zafinsa don ya yi tauri. Wannan kowane maƙerin kirki a Damagaram ya iya. Ƙota ce ta raba shi da saura. In mafarauci ya zo, Baba ba ya tambayarsa tsawon da yake so. Sai ya ce a kawo yumɓu, na Mirya, wanda muke ajiyewa a tulu da jiƙaƙƙen buhu a kai. Ya mulmula shi kamar dunƙulen fura mai ɗan tsawo, ya sa wa mutum a tafin hannu.

“Matse,” zai ce. “A'a, malam, ba gaisawa muke ba. Matse kamar kana fiɗa, jini da kitse sun jiƙa maka hannu, karnuka kuma na jiranka.”

Mutum ya matse ya saki, sai ga hannunsa a jikin yumɓu: inda kowane yatsa ya kwanta, inda tafin ya fi dannawa, inda wani tsohon tabo ya hana lanƙwasa. Baba ya shanya a inuwa, ya kusantar da shi wuta. Da shi a gefe yake sassaƙa itacen marke ko ƙahon sa, da gizago da magagari, yana yi yana gwadawa. Sannan ya gasa wutsiyar ƙarfen ta yi ja ya cusa a itacen, hayaƙi ya turnuƙe, ya zare ya zuba narkakken ƙaro, ya mayar, ya sa zoben jan ƙarfe a wuya. Ƙarshe a naɗe da jiƙaƙƙiyar ɗanyar fata, wadda in ta bushe take ƙanƙame komai. Dunƙulen yumɓun kuwa ba ya jefarwa. Riƙo yake kiransa, kuma a ɗakin can yake jera su. Ƙota tana tsagewa, tana cinyewa. In ta lalace, mafarauci ba sai ya bar gonarsa ya zo birni ba, sai ya aiko da wuƙar, Baba ya ɗauko riƙonsa ya yi masa sabuwa. Ba suna a jiki, ba alama. Ya san kowanne da ido, da ido ya tafi kuma ya san su da taɓi.

Shi ke nan fa. Wannan ne tsafin. Amma ku ji abin da bakin mutane ya mayar da shi: wai yana tara hannayen mutane don ya mallake su, wai duk wanda ya matse masa yumɓu hannunsa ba zai taɓa ɗaguwa a kansa ba. Mutumin da ko zazzaɓi yake sai ya ja ƙafa ya shiga sahun salla! Yana da rai ba wanda ya iya faɗa a gabansa. Sai da aka ga ƙasa ta rufe shi.

Tsohon nan na Zermu, ina nan ranar da ya fara zuwa, lokacin ina budurwa. Ya miƙo hannun dama ya matse. Baba ya juya dunƙulen ya duba, ya sake juyawa, sai ya murƙushe shi.

“Wannan hannun ba ya aiki. Ba ni wanda kake aiki da shi.”

Mutumin ya sunkuyar da kai. Bahago ne, tun yana ƙarami ake dukansa a kan haka, kuma ya ga rashin ladabi ne ya miƙa wa babba hagu. Wuƙaƙe uku ya taɓa saya a kasuwa, duk suna zame masa, ɗaya ta yanke shi har ƙashi. Baba ya sa hannu biyu ya kamo hagun nan ya ɗora a gwiwarsa, ya ce, “Wanda ya halicce shi bai ji kunyarsa ba, kai ne za ka ji?” Wuƙar da ya yi masa ce a cinyarsa ranar makoki. Sau huɗu aka sake mata ƙota, bai taɓa takowa don haka ba.

Akwai kuma shekarar da wani babban ma'aikaci da aka turo daga Yamai ya ji labarinsa. Yana son wuƙar da zai rataye a bango baƙi su gani. Ya aiko shofer ɗinsa, mai tuƙa masa mota, da takarda, an rubuta tsawo da faɗi.

“Mai wuƙar ina yake?” in ji Baba.

“Yana biro wurin aiki, Baba. Maigida ba shi da lokaci.”

“Hannun nasa ma yana biro?”

Baba ya ce, “To kai kawo naka.” Shofer ɗin nan ƙato ne, tafinsa kamar faifai. Aka yi wuƙa, ya ɗauka ya kai. Kwana biyu sai ga mota a bakin lungu, babban da kansa ya fito cikin shadda yana huci, wai ƙota ta fi ƙarfin hannunsa, an raina shi. Baba ko ɗaga kai bai yi daga zugazugi ba.

“Ai ba taka ba ce, ta wanda ya zo ce. In kana son taka, ga yumɓu can, zauna.”

Ya dubi yumɓu, ya dubi shaddarsa, ya koma mota. Inna ta yi kwana uku tana jiran a zo a tafi da Baba, ba wanda ya zo. Shofer ɗin ne ya ci riba, da ita yake fiɗar ragon layyarsa har yau, ya kuma zo gaisuwa da furfurarsa.

Kada ku ɗauka waliyyi nake zana muku. Baba yana da zafin rai, yana da taurin kai, kuma yabo bai taɓa zama a bakinsa ba. Inna ta yi shekaru tana roƙon ya gyara mata ƙotar gatarinta, yana cewa gobe, har ta kai wa wani maƙeri a unguwar Zango, shi kuma ya yi sati ba ya cin tuwonta. Da maigidana ya rasu na dawo gida, na tarar idonsa ya fara hazo. Ɗan Goggo ya karɓi bugun ƙarfe, amma ƙota Baba ya ƙi sakar wa kowa. Wata safiya ya ce, “Uwata,” don sunan mahaifiyarsa ne da ni, haka yake kirana, “zo ki riƙe mini fatar nan.” Daga riƙe fata sai naɗi, daga naɗi sai gizago. Ƙotar farko da na sassaƙa, ya rufe ido ya shafa ta, ya jefa a wuta. Ta biyu ma haka. Na yi kuka, na rantse ba zan sake ba, na sake. Ta uku ya daɗe yana juyawa, ya ce, “Uhm,” ya miƙa hannu a ba shi ƙarfe. Wannan uhm ɗin shi ne duk yabon da na samu a wurinsa, kuma ya ishe ni. Shekarun nan na ƙarshe duk ƙotar da ta fita daga gidan nan hannuna ne. Bai ɓoye wa kowa ba, ba dai wanda ya tambaya.

Yanzu sai maganar Baffa, ƙanen Baba, uwa ɗaya uba ɗaya. Tsohon ma'aikacin biro ne, ya ajiye aiki, yana da gidan siminti a Zango. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya taka maƙerarmu ba, kuma ban taɓa ganin hannunsa na dama a fili ba sai in dole, kullum yana cikin aljihun riga. Da Baba suna gaisawa a suna da Sallah, gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau. Ranar sadakar bakwai ya tara mu a zaure.

“An yi ta surutu a kan gidan nan, ya isa,” ya ce. “Kafin arba'in ta wuce za a kwashe tarkacen ɗakin can a zubar. A share, a fasa ƙofa ta waje, ƙanenku ya buɗe butik ya riƙa sayar da kaya. Mu rufa wa mamaci asiri.”

Rufa asiri! Ashe shi ma ya yarda akwai abin rufewa. Ƙannena maza kowa na kallon tabarma. Na ce, “Baffa, makullin yana wurina.” Ya ce ya sani, shi ya sa yake gaya mini da girma da arziki. Na ɗaure makullin a bakin zanena.

Akwai abin da na sani wanda ƙannena ba su sani ba. A can saman bangon ɗakin, a wani ɗan gurbi, akwai riƙo guda da ba ya cikin jeri. Gefensa ɗaya a baje yake, gurbin yatsa manuni kuma rabi ne. Kusa da shi akwai wuƙa a naɗe cikin tsumma. Duk shekara kafin Babbar Sallah Baba zai sauko da ita, ya shafa mata mai, ya mayar. Na taɓa tambaya, ya ce, “Ta wanda bai zo karɓa ba ce,” ya ci gaba da aikinsa. Goggo ce ta warware mini. Suna samari su biyu a maƙerar kakanmu, Baffa na riƙe da ƙarfe, Baba na bugu. Guduma ta kuɓuce ta sauka a yatsan Baffa, rabi ya tafi. Da ciwon ya warke, komai ya riƙe sai ya zame. Baba ya rasa inda zai sa kansa. Ya ɗebo yumɓu a wurin kakarmu ya kawo masa, ya ce ya matse, zai yi masa ƙotar da za ta zauna a hannunsa yadda yake yanzu. Baffa ya matse, ya buga dunƙulen da ƙasa a gaban ƙafar Baba, ya ce, “Ga shi nan, ka duba aikinka.” Ya fita, ya je ya zama ɗan aike a biro, daga nan ya yi sama. Baba ya tsince dunƙulen ya yi wuƙar, ya aika sau biyu ana dawo da ita. Wannan ne riƙo na farko. Duk sauran daga shi suka fito.

Ranar arba'in da safe, bayan an yi addu'a an raba waina, sai ga mai amalanken jaki ya tsaya a ƙofar gida. Baffa ne ya kira shi. Mafarautan duk sun dawo, rumfa a cike, liman na zaune. Ban jira a aiko a karɓi makulli ba. Na yafa mayafi, na buɗe ɗakin da kaina, na kira ɗan Goggo muka shimfiɗa tabarmi biyu a gaban rumfar maza. Muka riƙa fitowa da su a faifai muna jerawa a rana. Inna ta aiko a ce in shigo, na ce a ce mata ina zuwa.

“Malam liman, iyayena, ku gafarce ni, mace a gabanku. An ce mahaifina ya bar tsafi. Ga shi nan, ku duba da rana tsaka kafin a zubar.”

Tsohon Zermu ne ya fara tasowa. Ya durƙusa yana dubawa, ya ɗauki ɗaya ya sa a hagunsa, yatsunsa suka faɗa gurbinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga sama yana dariya, hawaye na bin gemunsa. “Ga ni nan! Wallahi ga ni nan!” Kafin ka ce me, tsofaffi sun rufe tabarma, kowa na neman hannunsa. Wannan ya ce wancan ya ɗauki nasa, wancan ya ce ina kai ina wannan ƙaton tafi. Wani magidanci daga Dogo ya gane na mahaifinsa da ya rasu, ta wurin karkataccen ƙaramin yatsa, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Liman ya ɗauki guda ya jujjuya, ya ce, “Wannan ai awo ne, irin na tela.” Ya ajiye a hankali.

Tsohon Zermu ya mayar da nasa kan tabarma ya ce a mayar masa inda yake, wuƙarsa za ta sake neman ƙota. Baffa ya miƙe tsaye.

“Wa zai yi mata? Mai yi ya tafi. Tsafi ko ba tsafi ba, ƙasa ce, kuma ɗakin za a share.”

“Baffa, tambaye su ƙotocin da suka karɓa shekarun nan ko sun zame musu. Ni na yi su.”

Aka yi ta kallon juna. Wasu sun ji daɗi, wasu ba su ji ba, na ga fuskokinsu, kuma ko a jikina. Baffa ya ce wa mai amalanke ya matso. Nan na koma ciki, na taka turmi na sauko da na saman bango, da wuƙar a tsummanta. Na durƙusa a gabansa yadda 'ya take durƙusa wa uba, na miƙa masa da hannu biyu.

“Sauran suna da masu su, ba ni da ikon bayarwa, kai ma ba ka da ikon zubarwa. Wannan ne naka. In za a zubar, fara da shi.”

Ya dubi gefen da ya baje, ya dubi rabin gurbin. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, gwiwata dai ta yi tsami. Sai ya zaro hannun daga aljihu, a gaban kowa, ya karɓa. Hannun ya tsufa, ya yi laushin zaman biro, amma ya zauna. Ya warware tsumman ya zare wuƙar daga kube. Ko ɗigon tsatsa babu. Ya riƙe ƙotar, ya juya wuyan hannu sama da ƙasa, ba ta motsa ba.

“Wa ke shafa mata mai?” Muryarsa ta yi ƙasa.

“Shi, duk shekara. Ta bana ni na shafa, yana kwance yana ce mini ban kai wuyanta ba.”

Ya sunkuya ya ajiye dunƙulen a kan tabarma cikin 'yan'uwansa, ya mayar da wuƙar kube ya riƙe. Ya ce wa mai amalanke ya tafi, ya bi bayansa da ƙafa ko sallama bai yi wa liman ba. Har yau bai ce mini na yi daidai ba, bai kuma sake ta da maganar butik ba. Goggo ta ce ta gan ta a gidansa, ba a bango ba, a kan tabarmar da yake cin abinci.

Maƙwabciyar nan ba ta janye maganarta ba. Makon jiya ta aiko da wuƙarta a wasa, na wasa mata, don da Baba na nan da ya wasa. Amma na ce a gaya mata in za ta sake yi masa addu'a, ta roƙa masa gafarar zafin ransa da taurin kansa, waɗannan yana da su. Ɗakin can kuwa ba ya buƙatar yafiyar kowa.

Ya Allah, ga bawanka maƙeri ya zo maka da hannu mai kanta da tabon wuta. Ya yi kuskure guda da guduma yana saurayi, ya kwashe sauran ransa yana duba hannun mutane kafin ya ba su abin riƙewa. Ka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa, ka ba shi littafinsa a dama. Riƙon duk sun koma jerinsu, na Baffa ma yanzu yana ciki. Na daina kulle ɗakin. Duk mai son ganin tsafin Baba ya yi sallama ya shigo, yumɓu na nan a jiƙe, zan ba shi ya matse.